Allurar da Na Hana a Yi wa Hammanki

Ajiya, Jimeta

Fadimatu 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda kina cikin ƙoshin lafiya, kin sauka lafiya, kin sami masauki na gari da mutanen kirki. Allah Ya tsare ki a sama, Ya tsare ki a ƙasa, Ya kare ki daga abin da kike gani da wanda ba kya gani. Mahaifiyarki Dada tana gaishe ki. Yayanki Hamma Sa'idu da iyalinsa suna gaishe ki.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, don babu wanda ba ki sani ba. Kin kuma san ni ba gwanin magana ba ne. Wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya a bayan sitiyari ya fi sabawa da kallon hanya a kan kallon idon mutum. Shi ya sa na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, nake zama bayan la'asar ina rubuta kaɗan-kaɗan. Ki yi haƙuri da rubutun, firamare kawai na yi.

Tun da aka ji kin sami gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, a kan yadda jikin mutum yake karɓar allurar rigakafi ya kuma riƙe ta, mutane suke tare ni a masallaci da tasha suna cewa na iya tarbiyya. Ina yi musu godiya, amma ni na san ba haka zancen yake ba. A kan wannan allurar da za ki je ki karanta, na yi kurakurai ba ɗaya ba, ba biyu ba. Allah ne Ya rufa mini asiri, Ya haɗa ni da mutanen da suka fi ni hankali da haƙuri. Ina so ki ji su daga bakina kafin ki yi nisa.

Abin da kika taso kina ji shi ne, Hammanki ya yi tarin shiƙa yana jariri saboda Dada ta manta ranar komawa asibiti. Dada ba ta manta ba. Ni na hana ta.

Lokacin ina jan tasi tsakanin Yola da Jimeta. Muna haya a wani gida a nan Ajiya, ɗaki biyu namu, ɗaki biyu na wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rifkatu, 'yar wajen Numan, da mijinta malamin makaranta. Kusan tare suka haihu da Dadarki, sati biyu ne tsakani. Ita ta sami mace, aka sa mata Godiya, mu muka sami Sa'idu. Da lokacin awo ya yi, suka goya yaran suka tafi tare, aka yi musu allura a cinya. Washegari na dawo cin abincin rana, na tarar jikin Sa'idu ya yi zafi, cinyar ta kumbura, yana ta tsala kuka, ya ƙi kama nono. Ɗan fari ne, ban taɓa ganin ɗana cikin ciwo ba. Ga shi kuma a tasha kullum sai an yi zancen allurar nan, kowa da irin abin da yake faɗa, ni kuma ina kwashewa ina adanawa.

Na ce wa Dadarki, "Daga yau ba mai sake soka wa ɗana allura."

Ta ce, "Malam, sun ce sau uku ne. Wata mai zuwa za mu koma."

Na ce, "Ɗayan ma da na sani da ba a yi ba. Kika sake kai shi, ban yafe ba."

Kin san nauyin wannan kalma a bakin miji. Ta ci gaba da jijjiga shi.

Sista Rifkatu ta ji komai, don bango ɗaya ne tsakaninmu. Ta same ni a ƙofar gida ina duba man mota. Ta ce, "Malam Umaru, wannan zafin jiki ba ciwo ba ne fa. Godiya ma ya yi. Jiki ne yana aiki, kwana biyu zai sauka. Amma allura ɗaya bai isa ba, sai an cika uku."

Maimakon in tambaye ta dalili, sai na ce ta je ta yi iko da 'ya'yanta, ai mun san lada ake ba su a kan kowane yaron da suka soka. Da ƙarfi na faɗa, maƙwabta suna ji. Ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya kiyaye." Ta koma ciki.

Kwana biyu zazzaɓin ya sauka, kamar yadda ta faɗa. Ko wannan bai sa na sake tunani ba. Wata ya zagayo, Rifkatu ta goya Godiya ta tafi ita kaɗai. Wani watan ma haka.

Sa'idu yana wata biyar tarin ya shigo unguwa. Da farko kamar mura. Bayan sati guda sai ya zama idan ya fara tari ba ya tsayawa, sai numfashinsa ya ƙare, leɓensa ya yi baƙi, sannan ya ja iska da wata ƙara mai ban tsoro, ya amayar da ɗan abin da ya sha. Na sayo magani a kemis, na karɓo na gargajiya, ban dai yarda a je asibiti ba, don kada a ce mini ai an faɗa maka.

Wata ranar Talata da azahar ina wanke mota a waje, na ji ihun Dadarki. Na shiga na same ta riƙe da shi, ya saki jiki gaba ɗaya, idonsa a kafe. Na tsaya kamar an dasa ni, soso a hannuna. Rifkatu dawowarta ke nan daga aikin safe, ko farin kayanta ba ta cire ba. Ta fito a guje ba takalmi, ta fizge shi, ta kifa shi a hannunta, ta share masa baki da yatsa, ta juyo shi ta sa bakinta a kan hancinsa da bakinsa tana hura masa iska. Ta ɗago ta daka mini tsawa, "Tada mota!" Ni da nake alfahari da tuƙi, sau uku makulli yana faɗuwa daga hannuna. Har muka kai asibiti tana baya tana fama da shi, Dadarki tana salati. Muna shiga ƙofa na ji ya yi wani ɗan kuka siriri. Duk rayuwata ban ji sautin da ya kai wannan daɗi ba.

Sati uku muka yi a asibiti. Ya tashi, alhamdulillahi, ga shi yau da nasa 'ya'yan. Godiya kuwa, da suke wasa a tabarma ɗaya, suna shaƙar iska ɗaya, ko kwanciya ba ta yi ba.

Fadimatu, tsoro ne ya fara kama ni, kuma tsoro ba laifi ba ne. Laifina shi ne da na ji kunyar a ga ina tsoro, sai na mai da shi faɗa. Idan wanda ya fi ki sani ya gaya miki abin da bai kwanta miki ba, ki ce masa, "Ban gane ba, ƙara yi mini bayani." Ba za ki ragu da komai ba. Sannan ga ɗaya gefen, wanda ya fi shafarki. Yanzu ke ce za ki zama mai sanin. Wata rana wani zai tsaya a gabanki ya gaya miki irin abin da na gaya wa Rifkatu, ko ma wanda ya fi shi muni. Kada ki ce jahili ne ki juya masa baya. Ki duba da kyau, za ki ga uba ne da ɗansa ya yi zazzaɓi. Ki faɗa masa tun kafin a yi allurar cewa jikin yaron zai iya yin zafi, wurin zai iya kumbura, da abin da zai yi idan hakan ta faru, da lokacin da ya kamata ya garzayo asibiti. Idan ya zage ki, ki bar ƙofarki a buɗe. Da Rifkatu ta riƙe ni a zuciya ta rufe ɗakinta, da ba ki san kina da Hamma ba.

Kuskurena na biyu da ita ne kuma. Bayan an sallamo mu, na kai mata kaji biyu da buhun shinkafa. Ta karɓa ta yi godiya. Na ɗauka shi ke nan na wanke kaina. Kalmar "ki yafe mini" ba ta fito daga bakina ba. Muka ci gaba da zama lafiya, Dada tana aika musu naman layya, su suna aiko mana da cincin da shinkafar Kirsimeti. Ita ce ma ta zo ta gaya mini ana neman direba a ofishin lafiya, ta tsaya mini har aka ɗauke ni. Ki duba wannan lamari: mutumin da ya zage ta a kan allura, ita ta samar masa aikin ɗaukar allura. Duk da haka bakina bai buɗe ba. Aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Ganye, suka kwashe kaya, na taya su lodi, na ɗaga musu hannu.

Sai bayan shekara goma sha ɗaya aiki ya kai ni Ganye. Na nemi gidanta, na same ta a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa, furfura ta fara fito mata. Bayan mun gaisa na ce, "Sista, na zo ne a kan maganar da na gaya miki a ƙofar gida, gaban mutane. Ƙarya na yi miki. Ki yafe mini."

Ta ajiye gyaɗar. Sannan ta ce, "Malam Umaru, na yafe tun ranar da yaron ya yi kuka a mota. Amma gaskiya maganar ya yi mini zafi. Na ji daɗi da ka zo."

Kin ji? Ta yafe, amma shekara goma sha ɗaya abin yana mata ciwo, ni ina can ina ganin kaji sun gama magana. Idan kika ɓata wa mutum, ki je da bakinki, ki ambaci abin da kika yi da sunansa, kuma ki je da wuri. Ni na ci sa'a na same ta da rai. Sannan inda za ki, yawancin maƙwabtanki ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba. Ki riƙe sallarki da kyau, ki kuma riƙe maƙwabcinki da kyau. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Na uku a wurin aiki ne, kuma shi ne wanda nake so ki fi riƙewa, don irin aikin da za ki yi.

Kina sakandare lokacin da mutane suka gudo daga arewacin jihar nan, aka sauke da yawansu a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Kullum ni nake kai ma'aikata can da akwatunan sanyi, waɗanda ake jera ƙanƙara a ciki don kada zafi ya kashe maganin. Wata rana maganin ya ƙare da hantsi, ga mata a layi, shugabar ayarinmu, wata Hajiya mai tsananin tsari, ta aike ni in ɗauko wani akwatin a sito. Na ɗauko. A hanya na tuna an yi wa wani abokina na tasha rasuwa a bayan babbar kasuwar Jimeta, ban je ba. Na ce bari in tsaya minti biyar in yi ta'aziyya. Na ajiye mota a rana, na rufe gilashi. Kin san zaman makoki, ga wannan ga wancan, aka kawo abinci, aka ce sai na ci, aka kira sallah. Da na fito, cikin motar kamar tanda. Na duba baya, sai na ga murfin akwatin bai zauna ba, igiyarsa ta shiga tsakani tun a sito ban lura ba. Ƙanƙarar duk ta zama ruwa.

Ba zan ɓoye miki ba, na tsaya wajen masu sayar da ruwan sanyi na sayi ƙanƙara, na jera a ciki, na rufe. Na ce a raina wa zai sani? Kwalaben suna nan yadda suke, ruwan cikinsu bai canza kala ba.

Da na isa Malkohi na hangi layin. Mata ne zaune a ƙasa, sun yi wa jariransu inuwa da gefen zane, tun safe suke jira. Na sauke akwatin, na kai gaban Hajiya, hannuna yana kan murfin na kasa ɗagawa. Abin da ya zo mini shi ne, idan maganin nan ya mutu aka yi wa yaran nan, kowace uwa za ta koma tanti da kwanciyar hankali tana cewa ɗanta ya tsira, alhali ruwa kawai aka sa masa. Wadda ba a yi wa ɗanta ba ta fi ta, don ita ta san da saura.

Na ce, "Hajiya, ina da magana." Na faɗa mata duka, har da ƙanƙarar da na saya.

Ta ɗauki kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana duba wata 'yar alama da ke jikin takardarsu, wadda take yin duhu idan zafi ya taɓa maganin. A wasu ta fara juyawa. Ta ce ba za ta yi caca da 'ya'yan mutane ba, a ajiye akwatin gaba ɗaya. Ta sa ni, ni da kaina, in je in gaya wa matan su dawo gobe. Na je na faɗa, kaina a ƙasa. Wata mata da jariri a kafaɗa ta ce, "Baba, kwana huɗu na yi ina tafiya da shi a ƙafa. Kwana ɗaya ba zai gagare ni ba. Amma don Allah goben ku zo."

Aka ba ni takardar tuhuma, aka dakatar da ni sati biyu. Ku a gida na ce muku hutu na ɗauka. Amma kafin dakatarwar ta fara na roƙi Hajiya ta bar ni in kai akwatin gobe, ta yarda, kuma na ga matar nan a layi, na ga an yi wa ɗanta.

Ke ma aikinki na kwalabe ne da firji da jinin mutane, a ɗakin da sau da yawa ba mai ganinki. Wata rana abu zai lalace a hannunki, ko ki haɗa wannan da wancan, ko sakamako ya fito ba yadda malaminki yake so ba. Za ki ga hanyar gyara shi a takarda ba tare da kowa ya sani ba. Kada ki bi ta. Ki je ki faɗa a ranar, a yi miki faɗa, ki sake daga farko. Abin da kika rubuta a can, wata rana da shi za a yanke shawarar abin da za a sa wa yaro a Malkohi. Kuma duk wanda ya miƙa miki hannu kika ɗebi jininsa, ki gaya masa inda za a kai shi da abin da za a yi da shi, da yaren da yake ji. Idan kin gano wani abu, ki dawo ki faɗa masa. Kuma idan kina ɗauke da amana, ki sauke ta tukuna kafin ki tsaya gaisuwa.

Na huɗu ke na yi wa. Kin tuna da kika gama digirinki kika ce ba asibiti za ki nema ba, bincike za ki yi a kan garkuwar jiki? Na ce, "Duk wannan karatun don ki zauna kina leƙen jini a madubi?" Ni likita nake so, wadda za a nuna a ce 'yar Umaru direba ce. Wata guda ina amsa gaisuwarki da ƙyar. Duk da haka kullum sai kin kawo mini shayi.

Sai aka zo yi wa ma'aikatan ofishinmu allurar ciwon hanta, ita ma sau uku. Bayan ta biyu kaluluwa ta fito mini a hammata. Ina zaune a tsakar gida ina mita, Dada tana tsintar shinkafa, kika zo kika taɓa wurin, kika yi dariya.

Kika ce, "Baba, nan ne ofishina. Abin da nake so in karanta ke nan."

Na ce, "Kaluluwar?"

Kika ce, "Abin da ke faruwa a cikinta." Sai kika zauna a kan turmi kika yi mini bayani, kuma zan maimaita miki don ki ga ko ɗalibinki ya riƙe. Kika ce allura ba maganin cuta ba ce, wani ɗan yanki ne na ƙwayar cutar, ko ita kanta bayan an kashe ta ko an raunana ta, ake nuna wa jiki. Wasu ƙwayoyin halitta sai su ɗauke shi daga inda aka yi allurar su kai shi kaluluwa, inda fararen ƙwayoyin jini suke taruwa. A cikinsu akwai waɗanda ake kira B, su ne suke ƙera sinadarin da ke kama cutar. Akwai kuma waɗanda ake kira T masu taimako. Na ce su me suke yi? Kika ce, "Baba, ka san mutumin nan na tasha da ba ya tuƙi, amma ba motar da za ta yi lodi sai ya ce ta yi? To su ne." Kika ce ba su ne suke ƙera sinadarin ba, amma sai sun gane yankin cutar sun ba da izini sannan masu ƙerawa suke yin aiki sosai. Kuma a cikin kaluluwar suna tsayawa suna tantancewa, wanda nasa ya fi kama cutar da kyau shi suke mara wa baya ya yaɗu. Cunkoson wannan aiki ne yake sa wurin ya kumbura.

Na ce, "To idan aikin ya ƙare fa?"

Kika ce yawancinsu mutuwa suke yi, amma ana barin wasu daga kowane ɓangare su zauna shekara da shekaru, ba su manta kamannin cutar ba. Ranar da ta shigo da gaske, ba sai an fara daga farko ba, cikin 'yan kwanaki an taso mata. Allura ta biyu da ta uku su ne suke tada waɗannan da aka bari, su ƙaru, su ƙara ƙwarewa. Kika ce abin da ba a gama ganewa ba shi ne dalilin da ya sa wata allurar, kamar ta ƙyanda, jiki yake riƙe ta kusan tsawon rai, wata kuma sai ta dusashe sai an sake tunatarwa, da dalilin da ya sa yara biyu za a yi musu iri ɗaya, na ɗaya ya riƙe da ƙarfi, na ɗaya ya yi rauni. Kika ce kina so ki san ko yunwa da yawan cututtukan wajenmu suna da hannu a ciki.

Sai na ji bakina ya ce, "To shi Sa'idu, da aka yi masa ɗaya fa?"

Kika ce, "Jikin jariri ne, ɗaya ba ta isa ya riƙe da ƙarfi ba. Da Dada ba ta manta ta biyu da ta uku ba, da wuya ya sha wahalar da ya sha."

Na dubi Dadarki. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ni kuma na yi shiru. Wannan shirun ya fi duk sauran kurakuran nan damuna. Matar nan ta ɗauki laifina ta ɗora wa kanta shekara da shekaru don kada 'ya'yana su raina ni, 'yarta ta faɗa a gabanta, ni ina zaune na bar shi a haka.

A ranar na sauko daga fushin da nake yi da karatunki, don na ga abin da Rifkatu ta gaya mini a ƙofar gida cikin kalma huɗu, jiki ne yana aiki, shi ne ke kike so ki bi har tushensa. Amma ban ba ki haƙuri ba, na dai fara amsa gaisuwa. To yanzu ina ba ki. Ki yafe mini, Fadimatu. Idan Allah Ya ba ki naki 'ya'yan, suka zo da abin da ba ki gane ba, ki zauna su yi miki bayani kafin ki yanke hukunci.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na zaunar da Dada da Sa'idu na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Baba, ai kai ka tuƙa motar." Dada kuwa cewa ta yi na cika tone-tone, abin da ya wuce ya wuce. Amma da ta tashi za ta shiga ɗaki na ga tana goge ido da bakin mayafi, kuma ranar ta yi mini miyar kuka da man shanu, wadda ta san na fi so. Ki riƙa kiranta, ba sai kina da labari ba. Ba za ta taɓa ce miki tana kewarki ba, sai dai ta tambaye ki ko kin ci abinci.

Sauran kin san su. Ki ci abinci a kan lokaci, ki sayi rigar sanyi mai kauri kada ki ce za ki daure. Ki cika naki alluran da suka ce ki yi, kada mai koya wa mutane ta zama ita ce mai saura. Idan karatu ya yi tsanani kika ji kamar kowa ya fi ki, ki nemi wanda za ki gaya wa, kada ki ƙulle kanki a ɗaki. Idan kin gama, ki yi shawara da zuciyarki a kan inda za ki zauna, ba zan ɗaure ki ba. Sai dai ki sani akwai masu jiran abin da za ki koyo a nan.

Ni dai babu abin da zan ce wa Allah sai godiya. Na yi abin da ya isa in rasa ɗa, bai karɓe shi ba. Na yi abin da ya isa in rasa aiki, na yi ritaya da mutuncina. Ya ba ni mace mai rufa asiri, da maƙwabciya mai yafiya, da shugaba mai gaskiya, sannan Ya ba ni ke.

Ranar tafiyarki ni zan kai ki filin jirgi da kaina, na riga na gaya wa Sa'idu kada ya taɓa makullin. Idan na sauke miki jaka kika ga na juya da sauri ban tsaya doguwar sallama ba, kada ki ɗauka wani abu ne. Zan fita ne in ajiye mota a bakin titi, inda ake ganin jirgi idan ya tashi, kuma ba zan tafi ba sai na daina ganinsa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, Ya sa gaskiya a hannunki da bakinki, Ya haɗa ki da masu tausayi, Ya sa abin da za ki koyo ya amfani mutanen da ba za su taɓa sanin sunanki ba. Na yafe miki duniya da lahira, Dadarki ma ta yafe miki. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Umaru